Kwano Biyu a Makokin Yaya

Ni ne mutumin da ya nemi ƙarin nama a zaman makokin wansa. Gara in faɗa da bakina, don ko na yi shiru, duk wanda ya zauna ƙarƙashin rumfar nan ranar uku zai ba ku labarin, kuma ba zai rage mini komai ba.

Ga yadda aka yi. An kafa rumfar tamfol ta tare titin ƙofar gidan mamacin, an shimfiɗa tabarmi. Mutane suna zuwa suna ɗaga hannu suna cewa Fatiha, mu miƙe mu ɗaga namu, mu koma mu zauna, wasu su iso mu sake miƙewa. Gwiwoyina har sun fara ƙara. Tun da aka kai Yaya makwancinsa ban sa komai a bakina ba sai shayi. Bayan azahar aka fara shigo da siniyoyin abinci, manyan farantai, daga maƙwabta kamar yadda aka saba, tunda gidan da aka yi rasuwa ba ya hura wuta. Ɗana ya ajiye wata siniya a gabanmu, ni da limamin unguwa da wasu dattawa biyu da suka zo daga Basunda. Kisra ce, wainar dawa mai faɗi, da miya, da kwano biyu na naman kaza, an barbaɗa yaji an matsa lemon tsami.

Na kai hannu kwanon hagu. Na tauna, na sake taunawa, sai na ji bakina ya ce, da ƙarfi kuwa, "Wannan kazar da ƙafa ta zo daga Kano, irin zuwan kakanninmu." Na tura wa liman kwanon. Na kai hannu na dama. Jama'a, naman nan tun kafin in ja shi ya rabu da ƙashi. Kaza ce ta gida, ɗanɗanonta ya nuna ta sha rana ta yi tono, amma laushin kamar an yi mata magana ta yarda. Na manta inda nake. Na cinye, na suɗe yatsu, na ɗaga kwanon sama na ce wa ɗana, "Daga gidan wa wannan? Je ka ce a ƙaro."

Duk rumfar ta juyo tana kallona. Liman ya yi gyaran murya ya ce la haula a hankali, yana fama da cinyar da na tura masa. Ɗaya daga dattawan Basunda ya ce, "Ma'alesh, ku ƙyale shi. Kowa da inda mutuwa take taɓa shi. Wannan a haƙori ta taɓa shi." Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ɗana ya daɗe yana kallona. Ya kwashi kwanonin biyu ya tafi, bai dawo da ko romo ba.

Daga nan hira ta koma kan mamacin, ina jin don a rufa mini asiri. Kowa da Yayan da ya sani. 'Yan kasuwa suna ce masa Daktor. Matasan unguwa, idan ba ya kusa, limamin kaji suke ce masa, wai shi ke ɗaura musu aure. Mai shayin bakin tasha ta aiko a ce mana shekara da shekaru yana yi wa kajinta allura bai taɓa karɓar ko kofin shayi ba. Wani mai babbar mota ya zo daga Hartum, ya ce tare suka koyar, ya ce ƙasa ta yi rashin masani, ya duba agogo ya tafi. Wani tsoho ya ce, "Allah Ya jiƙansa, amma wannan ilimi da aka zuba wa kaji, da mutane aka zuba wa." Aka ce amin ga rabin farko, aka yi shiru ga sauran.

Babu wanda ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Yaya ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana tambaya guda ɗaya, ya mutu amsar tana yawo a tsakar gidansa da ƙafa biyu, bai ji ta ba. Saboda haka na zauna rubuta wannan, ni da na tsere wa makaranta ta taga. Idan na bar shi a bakin masu gaisuwa, nan da 'yan shekaru abin da za a tuna shi ne an yi wani dattijo mai son kaji, da ƙaninsa mai son nama.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba, ni ne auta, kuma har na yi furfura Auta yake kirana. Mahaifinmu yankan riɗi yake zuwa Fashaga duk kaka. Shi ya kai mu makaranta mu biyu, da hannu ɗaya ya riƙe Yaya, ni da hannu biyu. Yaya ya zauna har ta kai shi ƙasar Turawa ta dawo da shi Hartum yana koyar da ilimin dabbobi. Ni na ƙare a kasuwar amfanin gona ta Gadarif ina ɗinkin bakin buhu, kuma ban taɓa jin buhu ya yi ƙarata ba.

Da sojoji suka karɓi mulki da kabbara a bakinsu, ba a daɗe ba aka ce wa Yaya ya tafi gida, wai don maslahar jama'a. Ba a gaya masa wace jama'a ba. Mutum ne da ban taɓa riga shi zuwa masallaci ba, amma ya ƙi halartar taron da ake so ya halarta, ya ƙi tafa hannu inda ake tafawa. Bai taɓa ba ni labarin ranar ba. Na dai je tasha na tarye shi, shi da matarsa da akwatunan littattafai da kwandunan kaji, yana riƙe da kwando ɗaya a cinya kamar jariri. Na ce, "Yaya, wannan ce sallamar da suka ba ka?" Ya ce, "A'a, Auta. Wannan ce ba su san tana da amfani ba."

Ya yi mini bayanin aikinsa sau da yawa ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gidansa, matarsa tana zuba mana jabana, kofinmu na nan. Zan faɗa yadda ya zauna a kaina, idan na karkace laifina ne.

Ya ce fararen kajin gidan gona namansu da laushi, amma zafin Gadarif na kwana biyu ya ishe su su miƙe ƙafa, kuma ɗanɗanonsu kamar auduga. Kazarmu ta gida ba ta jin rana ba ta jin yunwa, sai dai namanta sai mai haƙori. Amma cikin namu akwai 'yan kaɗan masu laushi, kuma abin gado ne, uwa da uba suke bayarwa. Ya ce a cikin tsoka akwai wasu abubuwa ƙanana kamar almakashi, ido ba ya ganinsu. Muddin kaza tana da rai, akwai abin da yake riƙe musu hannu. Sai an yanka ta suke sakewa, su shiga datse zaren naman daga ciki, sannu a hankali, har ya saki. Wata kaza almakashinta da kaifi, wata nata ya dakushe. Gadon kaza kuma, in ji shi, shimfiɗe yake kamar gonakin mashru', manyan gonakin nan da aka auna aka raba, kowane hali da filinsa da iyakarsa. Shi filin almakashin nan yake nema a taswira. Idan aka san inda yake, ɗigon jini ya isa a gane tsakon da zai yi laushi tun bai yi gashi ba, a bar shi ya haihu, ba sai an yanka shi an gani ba.

Na ce, "To, Yaya, abin da ba ya fara aiki sai an mutu, ina amfaninsa ga mai shi?"

Ya ce, "Ba don mai shi aka yi shi ba."

Na ce, "Mu ma muna da shi?"

Ya ce, "Mu ma. Kai ma da taurin kan nan naka, wata rana za ka yi laushi."

Muka yi dariya, matarsa ta ce mu bar zancen nan a kan kofi. Ranar da muka yi masa wanka, ina riƙe da hannunsa ina zuba ruwa, maganar ta dawo mini. Na so ta tafi, ta ƙi. Har yanzu idan na bi ta gefen maƙabarta sai in ji ta a bayana.

An raba shi da ɗakin gwaji, saboda haka ya koma ga abin da ke hannunsa: keji, zare, tukunya, da ni. Ya raba tsakar gida gida-gida da waya. Shi yake zaɓar zakaran da zai shiga wurin wace kaza, 'ya'yan kuma ya ɗaura musu zare a ƙafa. Idan suka kai, a kama biyu sa'annin juna, masu cin abinci iri ɗaya, a yanka. Sannan abin da ya fi ba matarsa haushi: ba a dafawa a ranar. Sai naman ya kwana a firij, don almakashin su yi aikinsu. Ta ce a gidan uwarta kaza daga wuƙa sai tukunya, ba ta taɓa ganin an yi wa gawar kaza shimfiɗa ba. Idan aka ɗauke wuta, abin da ba ya wuya, ka ga Daktor guda ya naɗa rawani yana gudu kasuwa neman ƙanƙara, mu da muke shan ruwan zafi muna kallo.

Dahuwar ruwa ce da gishiri, tukunya iri ɗaya, wuta iri ɗaya. Ta zuba a kwano biyu, ita kaɗai ta san wanne ne wanne. Ko Yaya ba ya sani, da gangan, wai kada fuskarsa ta gaya mini. Ni kuwa a zaunar da ni na juya wa madafa baya. In ci na dama, in kurkure baki, in ci na hagu, in faɗi wanda ya fi. Sai na faɗa sannan ta leƙo daga ƙofar madafa ta dubi mijinta ta ce, "Dama, shuɗin zare. Hagu, fari." Shi take gaya wa, ba ni ba. Ni daga na yi magana aikina ya ƙare.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ni, ga malamai cike da gari. Ya ce, "Duk wanda na ba abinci a garin nan cewa zai yi ya yi daɗi. Kai kaɗai ne ba ka jin kunyata a gaban kwano." Ban taɓa samun yabon da ya kai wannan ba, na kuma riƙe shi da kyau.

Tsakanina da matarsa wasa ne irin na ƙanin miji. Ina shiga in ce, "Matarmu, yau wace baiwar Allah kika kashe mini?" Ta ce, "Ga sarkin aiki ya iso. Wanke hannu, kada ka gaji." In ce ta raɗa mini launin zaren in saya mata turare. Ta ce, "Turaren mai ɗinkin buhu? Na gode, warin kejin ya ishe ni." Shekara ashirin ina lallashinta, ko da ƙiftawar ido ba ta taɓa nuna mini ba. Tana zagin aikin da baki, tana tsare shi fiye da mai shi.

Kada wani ya ɗauka waliyyi nake ba da labari. Yaya yana da tauri, na kuma ɗanɗana. A shekarun da ake tare motoci ana sauke samari a kai su soja, aka sauke ɗana a hanyar kasuwa. Daga sansani aka wuce da shi kudu, fagen yaƙi. Uwarsa ta kwanta, ba ta ci ba ta sha. Wata rana ta ce romon kaza take sha'awa. Na tafi gidan Yaya da gudu, na nuna wata kaza mai wuya babu gashi na ce ya ba ni. Ya ce, "Waccan uwa ce, ba ta gama aikinta ba." Na nuna wata. Ya ce ita ma. Ya ce in jira ya aika kasuwa a sayo mini biyu. Na ce, "Yaya, ita ma wadda ke kwance uwa ce." Ya ci gaba da zuba dusa. Da yamma kajin kasuwa suka iso gidana, na mayar masa da su ta kan katanga, da ransu, suka faɗa cikin kejinsa suka ɓata masa lissafin aure na wata guda. Daga ranar na daina zuwa. Mukan haɗu a masallaci mu gaisa kamar surukai. Na ji an ce ya gwada wani malamin makaranta a kujerata, mutumin ya ce duka kwanonin biyu tabarakalla.

Damina biyu ta wuce kafin ɗana ya dawo. Ya dawo da ƙafafunsa da hannuwansa, alhamdulillahi, amma ya bar maganarsa a can. Ya zauna a bakin angarib, gadon igiya, yana kallon ƙasa. A kawo abinci ya kalla. A yi masa magana ya ɗaga kai kamar daga nesa ake kiransa.

Washegari da hantsi sai ga Yaya ya shigo gidana ba sallama mai tsawo, da zakara a hammata. Na gane shi. Babban zakaransa ne, wanda rabin kajin gidan 'ya'yansa ne, wanda ko ni ba a yarda in matsa kusa da shi. Ya ce, "Auta, kawo wuƙa." Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ya ce, "Na ce kawo wuƙa." Ya yanka da hannunsa. Ba firij, ba kwana, ba ruwa da gishiri. Ya ce wa matata ta zuba duk abin da ke cikin madafarta. Muka zauna mu uku a kan siniya ɗaya.

Wallahi ban taɓa cin abu mai tauri irin zakaran nan ba. Na ja, ya ja. Yaya yana tauna yana zufa yana cewa, "Tsufa ne, kuma bai kwana ba, wannan ba hujja ba ce." Na ce, "Daktor, almakashin wannan a wurin maƙeri aka manta su." Sai muka ji wani sauti. Ɗana ne, da ƙashi a hannu, kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi. Ya yi ta yi har hawaye, daga nan ya koma kuka sosai, Yaya ya jawo kansa ya ɗora a ƙirji da hannun miya. Rashin zakaran nan ya mayar da aikinsa baya shekaru, matarsa ce ta gaya mini, shi bai taɓa ambata ba. Ran Juma'a na koma kujerata, na juya wa madafa baya. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Tun daga lokacin kuma ɗana ne mai yi masa yanka.

Shekaru suka yi ta tafiya, aikin yana tafiyar hawainiya. Wani zubin 'ya'yan masu laushi su yi laushi, Yaya ya yini yana waƙa a hanci. Wani zubin su fito kamar igiya, ya zauna gaban keji har la'asar. Yakan ce, "Ina zagaya gonar ne daga waje, Auta. Ina jin ƙamshin abin da ke ciki, ban ga ƙofa ba."

Ƙofar ta zo ta hannun wata ɗalibarsa ta dā, wadda ta zama malama, tana da ɗakin gwaji a Hartum. Ita ta nemo shi. Ya riƙa ɗiban jinin kaji a 'yan kwalabe, ya jera cikin kular ƙanƙara, ya ba direban bas amana. Unguwa ta ɗauka da surutu, wai Daktor yana aika jini birni, har liman ya zo da kansa ya ga yadda ake yi ya sha jabana ya tafi. An daɗe ana wannan kai da kawo. Ran nan ina zaune wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya saurara, sai ya tashi tsaye, dattijo da shi, ya cire hula. Ta ce ta ga wani wuri a filin almakashin inda kajinsa suka rabu biyu, waɗansu da irin wannan rubutu, waɗansu da wancan. Kuma yawancin iyayen da bakina ya yaba wa 'ya'yansu suna ɓangare ɗaya.

Na ce, "Halas, an gama ke nan. A yanka rago."

Ya ce, "Ba a gama ba. Wannan duban baya ne, kowa ya iya. Sai na faɗa tun kafin a ci, sannan a ci a gani."

Ya sa aka ƙyanƙyashe sababbi. Tun suna tsaki aka ɗebi jininsu, ɗalibar ta faɗi na kowa. Waɗanda taswira ta ce za su yi laushi ya ɗaura musu jan zare, sauran baƙi. Karo na farko a rayuwarsa ya riga tukunya magana. Saura su girma, a zuba kwano biyu, a ji abin da wawan ƙaninsa zai ce. Waɗannan ne kuma na ƙarshe da aka auna, don lokacin an shiga layin burodi da layin mai, kayan gwajin suka ƙare ba a sake kawowa ba, ɗalibar ta rufe ɗakin ta bar ƙasar.

Da damina ciwo ya kama shi. Laka ta rufe unguwa, ko raksha mai ƙafa uku ba ta shiga, da kyar muke fitar da shi asibiti. Da suka ce mu koma gida, ya sa aka fito masa da angarib ƙarƙashin rakuba, fuskarsa tana kallon keji. 'Yan zakarun sun fara gwada cara, muryarsu tana karyewa a tsakiya. Na ga yadda yake bin su da ido, na ga kuma yadda wuyansa yake ramewa.

Na ce, "Yaya, a yanka biyu yau. Ni a shirye nake, ban karya ba."

Ya ce, "Ba su kai ba. Ƙaramar kaza kowacce da laushi. Me za mu gane?"

Na ce, "Saura kaɗan ne fa."

Ya ce, "Kaɗan ɗin shi ne aikin."

Na matso na rage murya. Na ce, "To bari in gaya maka tun yanzu. Jan zare ya fi. Na ga tafiyarsu, na ga idonsu. Na rantse maka ja ya fi."

Ya yi murmushi, bai ko juyo ba. Ya ce, "Ka ga dalilin da ya sa ba a gaya maka launin zare."

Ya cika ranar wata Talata da rana tsaka, kaji suna kwance a inuwa sun buɗe baki. A makon ne za su kai.

Bayan an naɗe rumfa baƙi sun watse, na ƙi shiga tsakar gidan. Kunyar abin da na yi a gaban liman tana nan, amma ba ita ba ce. Caran nan ne. Gidana yana bayan nasa, kowace safiya sai in ji su, muryarsu ta cika yanzu, ba ta karyewa. Sai in ji kamar kirana suke yi in zo in zauna in juya baya. In zauna wa ya ji? Na ce a raina ko an yanka, ko na ci, na riga na san abin da nake so ya fito, bakina ya zama na banza. Yaya ya tafi da tambayarsa, ni na rage da harshen da ba a yarda da shi ba.

Da dai na ga ba wanda zai yi, na ɗauki kwaryar dusa na shiga. Matarsa tana takaba, ba ta fitowa gaban maza, tana ɗaki an saki labule. Na yi sallama, ta amsa daga ciki. Ban ce matarmu ba. Wannan wasan an binne shi tare da mai gidan. Na zuba wa kaji abinci, na canja ruwa. Na juyo zan fita, idona ya faɗa kan ƙusar da ke jikin ƙofar madafa. Zare biyu ne a rataye, ja da baƙi, kowanne da ƙullinsa, an yanke su daga ƙafa. A ƙasa kuma ga toka a murhu, ta kwana biyu.

Na zauna a kan turmi.

Na ce, "Matar Yaya, wa ya hura wuta a gidan nan?"

Ta ce, "Ni."

"Ranar uku?"

"Ranar uku. Ɗanka ya yanka ranar biyu, suka kwana a firij. Allah Ya taimaka ba a ɗauke wuta ba. Ruwa da gishiri, kamar kullum. Yajin da lemon daga baya na sa, don kada ka gane."

Na ce, "A gidan makoki? Da mata cike da gida?"

Ta ce, "Sun yi magana. Ƙanwata ta ce na haukace. Na ce su yi ta yi." Na ji tana gyara zama. "Shi ya ce. Ana gobe zai rasu ya ce mini, Auta ya lalace, yana so ja ya ci, ko me aka ba shi a kujerar nan ja zai nema. Ya ce ki bari sai ranar da ba zai taɓa zato ba. Ya ce gidan rasuwa ba ya girki, ko jaki ya san haka, to ranar ki ba shi."

Shekara ashirin ina cin kwano biyu, aka ajiye mini kwano biyu, ban gane ba. Saura tambaya ɗaya. Ita ta san abin da nake so in tambaya.

Ta ce, "Ina bayan ƙofa ina ji. Wanda ka tura wa liman, baƙi. Wanda ka suɗe ka ce a ƙaro, ja."

Wani zakara ya yi cara a bayana, da rana tsaka. Na tuna abin da Yaya zai ce, kwano ɗaya ba hujja ba ne, sai an maimaita, sai an sake maimaitawa. Amma na san zai cire hula kafin ya faɗa.

Ta gama takabarta tuni. Ina shiga kullum in ba kajin abinci, ɗana yana raba su yadda ya ga ana yi, ja da ja. Muna gaisawa da ita, muna zancen ruwa da tsadar dusa. Naman kaza kuwa ban sake sa shi a baki ba, ni da aka sani. Kuma har yau ban amsa abin da ta faɗa a ƙarshe ranar nan ba, lokacin da na miƙe na kai bakin ƙofa, muryarta ta biyo ni ta cikin labule.

Ta ce, "Auta, ka gama magana na leƙo kamar kullum, na buɗe baki in ce dama, jan zare. To, wa zan gaya wa?"